Bidiyon shiƙar Inna da maganar da ya tayar a zauren 'yan Tawa

Ɗan Bilbis:
Assalamu alaikum 'yan uwa, na gida da na wajen bida. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cina, na ce bari in kawo ta zaure.

Makon jiya na je gona na iske Inna, kakata, tana shiƙar hatsi bayan an gama sussuka. La'asar ta yi sanyi, iska na busowa daga gabas. Ta ɗaga ƙwarya sama da kanta tana zubo hatsin cikin wata da ke ƙasa, ƙaiƙayi yana tashi gefe guda, rana ta ratsa shi ya koma ja-ja-wur. Kaji biyu na tsattsagar abin da ya zube kusa da ƙafarta. Sai na fiddo salula na ɗauka, minti ɗaya da 'yan kai. Da dare na tura wa yayana da ke Abijan, shekararsa bakwai rabonsa da gida. Bai iya jira gari ya waye ba, ya kira ni muryarsa na rawa.

Tun ranar nake ta tunani. Salulolinmu cike suke da bidiyon Dubai da 'yan ƙwallon Turai, amma ka nemi bidiyo guda mai kyau na kasuwar Lahadi ta Tawa, sai ka sha wuya. In garinmu ya fito a intanet, ko labarin yunwa ne ko na tsaro, kuma baƙo ne ya ɗauka. Shawarata ita ce kowa ya riƙa ɗaukar abu guda a mako daga unguwarsu: masu jima, 'yan garuwa, fadar shayi, hadari in ya haɗo, shamuwa in ta sauka. Mu tara. Me kuka gani?

Ɗan Adar a Abijan:
Wa alaikumus salam. Ni ne yayan da yake faɗa. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Na kalli bidiyon nan ban san adadi ba. Abokan ɗakina su huɗu, biyu 'yan Keita, ɗaya ɗan Buza, ɗaya ɗan Illela, kowa ya karɓi salular ya kalla, ɗakin ya yi tsit. Abin da ya fi kama ni ba hoton ba ne, ƙarar hatsin ce in ya faɗa cikin ƙwarya. Nan ba mu jin irin wannan ƙarar, sai ta motoci da janareta. Ku da ke gida ba ku san abin da ke hannunku ba. Mu ku tambaya.

Direban Hanyar Yamai:
Na goyi baya ɗari bisa ɗari. Ni kusan kullum ina kan hanya tsakanin Tawa da Yamai, kilomita ɗari biyar da hamsin ko kusa da haka, kuma abin da idona ke gani da asuba tsakanin Badagishiri da Tsarnawa ya isa a yi fim da shi. Raƙuma da kaya za su kasuwa, amalanken jakai jere, hayaƙi na tashi daga gidaje. Sai dai hannuna yana kan sitiyari. Zan riƙa ba yaron mota ya ɗauka.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗana, maganarka ta yi mini daɗi, kuma ba sabon abu ba ne ga garin nan. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa Mustafa Alasan, wanda anka lissafa cikin na farko-farkon masu yin fim na zane mai motsi a Afirka, a nan Tawa ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa ba. An haife shi 1942, ya rasu 2015. Da kayan da ba su kai rabin ƙarfin salular da ke aljihunku ba ya yi abin da duniya ta san shi.

Amma ga abin da ke yi mini ciwo. Kokowar Takobi ta ƙasa a nan Tawa anka fara ta, 1975, zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Ina saurayi lokacin, na tsaya cikin taron. Ina iya ba ku labarin ƙurar da ta tashi, da yadda makaɗa sunka riƙa wasa 'yan kokowa, da layu da ƙarhuna jikinsu har wuya. Amma in jikana ya ce in nuna masa, hannuna wayam. Baki kawai. Gani ya kori ji, kuma mu ba mu bar muku abin gani ba. Ku kada ku yi wa naku jikokin haka.

Abu guda zan roƙa. Kafin ka fara ɗauka, ka faɗi ranar da wurin da bakinka. Ka ce yau Lahadi kaza ga wata kaza, shekara kaza, ga ni bakin tabkin Babaye. Bidiyon da ba a san ranarsa da wurinsa ba, bayan shekara ashirin gardama kawai zai haifar.

Maman 'Yan Biyu:
Salamu alaikum. Baba Mushe, a gafarce ni, zan shigo da abin da ba a taɓo ba. Ɗan Bilbis, tambaya ɗaya gare ni: ka nemi izinin Inna kafin ka ɗauke ta?

Ina tambaya ne don abin ya taɓa cina. Bara wajen bikin ƙanwata, cikin gida, mu mata zalla, muna rawa muna murna, ɗankwalina ya zame ban ma kula ba. Ashe wata yarinya na tsaye da salula. Kwana uku bayan haka ƙanin mijina da ke Libiya ya turo wa mijina bidiyon, an ɗora masa wani kiɗa daban, an yi rubutu a kai. Wata guda ban iya zuwa kasuwa ba. Har yau in na je biki, bango nake bi in zauna, kuma ba ni kaɗai ba ce. Ku lura da bukukuwa yanzu, manyan mata sun daina tashi rawa. Salula ce ta zaunar da su. To in kuka ce kowa ya fita da kamara cikin gari, mu da ke bakin rijiya da wurin daka da layin famfo, ina za mu sa kanmu?

'Yar Jami'a:
Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina. Ko a makaranta haka muke fama.

Ɗan Bilbis:
Yaya, ban nema ba. Gaskiya ke nan. Na ɗauka kakata ce, kuma yayana kawai zan tura wa. Sai da na karanta saƙonki na tuna cewa yanzu maza biyar sun kalle ta a wani ɗaki a Abijan ba da saninta ba. Allah ya ba ki haƙuri kan abin da aka yi miki. Gobe in sha Allahu zan je in nuna mata, abin da ta ce shi za a yi.

Ɗan Adar a Abijan:
Ni ma da nawa laifin, ni na miƙa salular. Ban tura wa kowa ba, kuma ba zan tura ba sai na ji daga bakinta.

Direban Hanyar Yamai:
Hajiya, abin da aka yi miki ba daidai ba ne, babu mai musu. Amma cikin gida daban, kasuwa daban. In na tsaya kasuwar Badagishiri ranar Alhamis, mutum dubu nawa zan bi in ce ka yarda, ka yarda? Ai kasuwar za ta watse ban gama ba. Wanda ya fito fili ya san za a gan shi.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, wanda ya fito kasuwa ya yarda 'yan kasuwa su gan shi yau. Bai yarda a gan shi a Kano da Tarabulus har bayan ransa ba. Ka ɗauki kasuwa daga nesa, taro ne, ba wanda zai ce komai. Amma ranar da ka matso da kamara kan fuskar mai hura guda ɗaya tana ƙirga canji, to ita ka ɗauka, ba kasuwa ba. Sallama da tambaya ba su cin minti ɗaya.

Mai Hoton Biki:
Bari in sa baki, tunda wannan ita ce sana'ar da nake ci da ita shekara goma sha ɗaya. Maganar Maman 'Yan Biyu ita ce daidai, kuma ko ta fuskar kyan aiki ma ita ce daidai. Wanda ka sata ka ɗauka, hoton yana nuna sata: yana karkace, yana rawa, rabin fuska. Wanda ka gaisa da shi, ka zauna, ka sayi goro ko tsire wurinsa, bayan minti goma ya manta da kai ya koma aikinsa, a nan ne kake samun abin kirki. Akwai wani tsoho maƙeri da na yi kwana uku ina zuwa maƙerarsa ban fiddo kamara ba. Rana ta huɗu shi da kansa ya ce, yau zan ƙera hauya, ka zo da abin naka. Ya sa yaro ya hura zuga-zugi, ƙarfen ya yi ja, ya ɗora bisa uwar maƙera, duk bugu guda tartsatsi ya watsu har kan takalmina. Yana bugu yana gaya mini sunan kowane kayan aiki. Ya rasu bara. 'Ya'yansa sun zo har shago sun karɓi kwafi.

Ga abin da zan ba masu farawa, kyauta. Ka kwantar da salula, kada ka tsayar da ita, in dai fili ko taro kake ɗauka. Ka manne gwiwar hannunka da haƙarƙari, ka tsaya cak ka ƙirga goma kafin ka motsa. Yawancinmu muna yawo da kamara kamar mai korar ƙuda, mai kallo har jiri yake ji. Kada ka ja hoto da yatsa don ya matso, yana fashewa, ka taka da ƙafarka. Rana ta kasance bayanka ko gefenka, sai fa in da gangan kake son haske ya ratsa ƙura ko hayaƙi irin na shiƙar Inna. Lokaci mai kyau daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana a watan Afrilu fuskoki baƙi suke fita, salular ma ta yi zafi ta kashe kanta.

Babban abokin gabarmu a Adar iska ce. Ka ɗauki kiɗa mai daɗi, ka dawo gida ka ji buu buu kawai. Ka yanki ɗan soson katifa ka ɗaure da roba a bakin makirfon, ka juya wa iska baya. Kuma ka rufe layin kira kafin ka fara, don kira guda yana yanke maka ɗauka a daidai lokacin da ɗan kokowa ya ɗaga abokin karawarsa.

Manomin Albasa:
Allah ya saka, maigida. Ni ina Galmi. Kowa ya san sunan albasarmu har Gana da Kodebuwa, amma wa ya taɓa ganin yadda ake dashe cikin sanyin Disamba, ƙafa cikin ruwa tun asuba, yatsu sun ƙage? Mai saye buhu kawai yake gani bisa mota. Bana zan ɗauka tun daga reno har ranar da za a cika rudu, wato rumbun ajiyar albasa. In yarana sun ce noma wahala ce su tafi bida, aƙalla su san da me anka yi musu riga.

'Yar Jami'a:
Ina da ƙorafi guda kan yadda maganar ke tafiya. Duk abin da aka lissafa mai kyau ne: shamuwa, hadari, maƙeri. To ledojin da suka cika tabkin Babaye fa? Da kwatocin da ke toshewa duk damina ruwa ya shiga gidajen mutane? Da itatuwan da baƙar leda ta rataye a jikinsu kamar 'ya'ya? In za mu nuna Tawa mu nuna ta duka. An gyara gari lokacin Tawa Sakola, shirin ƙawata garin don bikin ranar Jamhuriya a 2017, mun ga tituna da fitilu, amma ba wanda ya ajiye bidiyon yadda wuraren suke kafin nan da yadda suka koma yanzu, balle a gwada.

Direban Hanyar Yamai:
Ƙanwata, a nan kam ban bi ki ba. Baƙi sun ishe mu da nuna dattinmu. Mu ma mu taya su? Ba a shanya tsumma a ƙofar gida.

'Yar Jami'a:
Yaya, baƙo yana nunawa ya tafi. Ni a nan nake kwana, sauron tabkin ni yake cizo. In na ɗauka, don a kwashe ne.

Mushe Mai Ritaya:
Ku dakata in ba ku misali, sai ku auna. Aikin raya ƙasa na Keita da anka fara 1984 da taimakon Italiya, bayan babban fari. Duwatsun nan ƙwam suke, ba ko ciyawa, ruwa in ya sauko sai ya kwashe ƙasa ya bar kwazazzabai. Mata ne sunka yi mafi yawan aikin, suna ɗaukar duwatsu bisa kai suna jerawa, ana biyansu da abinci. Yau in ka je ka ga itace inda da babu, ba za ka san girman abin da matan nan sunka yi ba sai an nuna maka hoton wurin tun yana tsirara. Hoton muni shi ya ba hoton kyau daraja. Haka tassa da rabin wata, ramukan tare ruwan sama da manoman wajen Illela da Badagishiri sunka raya fako da su.

Saboda haka ina bayan ɗiyata, da sharaɗi guda. Ki ɗauki leda, ki ɗauki kwata, ki dawo wuri guda duk wata ki sake ɗauka. Amma kada ki ɗauki talaucin mutum da fuskarsa. Almajiri da ƙoƙonsa ɗan wani ne. Mai taɓin hankali da ke yawo kasuwa yana da dangi masu jin kunya. Kuma abin da na fi ƙi duka: a yi haɗari bisa hanya, mutum kwance cikin jini, samari sun kewaye shi da salula ba mai kama shi. Na gani da idona kusa da tasha. Uwar yaron a WhatsApp ta fara ganin ɗanta. Wannan ba ya cikin abin da Ɗan Bilbis ke kira gare shi, kuma duk wanda ya turo irinsa zauren nan a fitar da shi.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya ƙara girma, Baba. A ƙara da jana'iza. Da yara ƙanana in ba iyayensu sun yarda ba.

Mai Hoton Biki:
A ƙara da wuraren sojoji da shingayen bincike, kada ma a nuna salula wajen. Halin da ƙasa ke ciki kowa ya sani. Wanda zai fita daji kuma ya tambayi mutanen wurin lafiyar hanya tukuna.

Sai maganar ajiya, don ita ce ta taɓa sa ni kuka. Ina da katin memori guda da na tara hawan sallah na shekara huɗu a ciki, da gyaran wani masallacin ƙasa da mutanen gari suka fito gayya suna yaɓe, yara na miƙa laka hannu da hannu. Rana ɗaya na sa shi a kwamfuta ya ce babu komai. Na kai wa masu gyara uku, ba wanda ya iya. Tun daga nan duk abin da na ɗauka wuri biyu yake kwana, wani lokaci uku. Kuma ku sani, in ka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, yana matse shi ya rage masa kyau. Ka tura shi a matsayin fayil, ya fi cin mega amma yana isa yadda yake. Wanda ya ga megarsa ba za ta kai ba, ya biyo shago da yamma in kwafe masa, ba sai ya biya ko dala ba.

'Yar Jami'a:
Maganar masallacin ƙasa ta tuna mini da na Yaama. An fara gina shi 1962, magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Muna karanta shi a takarda, yana cikin jiharmu, amma cikin ajinmu mutum biyu kawai suka taɓa zuwa. Ina son in je in ɗauka, in an samu wanda ya san mutanen garin ya yi mana iso wajen liman da mai gari.

Manomin Albasa:
Ina da aboki a can kusa. Zan kira shi.

Direban Hanyar Yamai:
To na sauko kan maganar leda, tunda da sharaɗin Baba. Ni kuma ina ba da shawarar Tabalak, kilomita hamsin ne kawai bisa hanyar Agadas. Lokacin sanyi tsuntsayen ruwa suna cika tabkin, masunta na jan taru da safe, shanu na sauka shan ruwa garke-garke. Na sha tsayawa sayen kifi ban taɓa tunanin ɗauka ba. Duk ranar da nake hutu, mutum huɗu na iya shiga motata, ku sa mai kawai.

Ɗan Adar a Abijan:
In kun je ku ɗauko mana da sauti, don Allah. Kada ku ɗora kiɗa a kai. Ku bar kukan tsuntsaye da muryar mutane yadda suke. Kuma wani ya ɗauko mana gawo a tsakiyar rani yana kore shar alhali komai ya bushe. Na gaya wa wani abokin aikina ɗan nan cewa muna da itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, ya ƙi yarda.

Ɗan Bilbis:
Salamu alaikum, na dawo daga wajen Inna. Na iske ta bakin ruhewa tana tsince wake. Na durƙusa na gaya mata abin da na yi, na miƙa mata salular. Ta riƙe ta da hannu biyu nesa da fuska, ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Ta ce in mayar. Da ya zo daidai inda take karkata ƙwaryar, sai ta sa yatsa bisa gilashin ta ce, haka uwata take riƙe ƙwarya, ban san na gado ta ba. Ta daɗe tana share ido da bakin zane.

Hukuncinta ga shi. Wannan na jikokinta ne kawai, kada ya shiga Facebook, don zanen aiki ne jikinta. Yaya, ta ce abokan ɗakinka da suka gani ba komai, 'ya'ya ne, ka gaishe su. Amma ta ce ranar Juma'a mai zuwa za a yaɓe babbar ruhewa kafin a zuba hatsi, in zo in ɗauka tun daga kwaɓin ƙasa, ita za ta sa zanenta na shuɗi ta zauna ta faɗi yadda ake yi tun zamanin kakanta, wannan kowa ya gani. Ta ce in zo da wanda ya iya, don nawa yana rawa.

Maigida Mai Hoton Biki, ko kana da sarari Juma'a da safe?

Mai Hoton Biki:
Ina da shi. Ka biyo mini bayan sallar asuba, mu isa kafin rana ta ɗaga. Ka sayi goro na Inna, ni zan zo da soson makirfo.

Maman 'Yan Biyu:
Ku gaishe ta. In akwai wasu mata wurin, ku tambaye su su ma kafin ku kunna.